Derh ko Dhai?

Akwai wata yarinya a garinmu Bhopal da ta iya alkafura a sama kamar ba ta da ƙashi a jiki. Daga Kerala suka zo, can kudu. Babanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Aka yi masa canjin wurin aiki, ya kwaso iyalinsa.

A aji ba ta da matsala, don da Turanci ake karatu. A wurin iyo kuwa, inda take koyon tsalle cikin ruwa da 'yan makarantarsu, kowa Hindi yake yi, kuma 'yan matan Bhopal in suka buɗe baki ba sa jiran kowa. Kafin yarinyar ta kama kalma ɗaya, uku sun wuce ta.

Ranar farko ta yi tambaya. Wata ta kwaikwayi muryarta, aka bushe da dariya. Tun daga ranar ta kama bakinta. Duk abin da aka faɗa mata sai ta kaɗa kai, ta yi murmushi. Ko ta gane ko ba ta gane ba, kai ne ke ba da amsa.

Mahaifiyarta ta lura. Wata rana suna dawowa daga kasuwa ta ce, "Wai ke kina gane maganar mutanen nan kuwa?"

"Ina ganewa mana, Amme."

"To me mai tumatir ya ce mini ɗazu?"

"Ya ce... gaishe ki ya yi."

"Gaisuwa har da zare ido? Ke dai kya gani."

Duk shekara makarantarsu tana karawa da Makarantar Bakin Tafki a gasar iyo da tsalle cikin ruwa. 'Yan Bakin Tafki ba kanwar lasa ba ne. Shekara shida ke nan kofin yana hannunsu. Bana kuwa ita ce shekarar ƙarshe ta Garima, kyaftin ɗin ƙungiya, kuma ta ci alwashin sai ta taɓa kofin nan kafin ta bar makaranta. Kowa ya sa rai a kan yarinyar, don babu mai tsallenta.

Ana gobe gasa, Garima ta zo da takarda da biro. Doka ce kowace mai tsalle ta rubuta irin tsallen da za ta yi, ta sa hannu. Malama Sisodiya, mai koyar da su, tana can tana fama da masu iyo.

Garima ta ce, "Ke 'yar Kerala, alkafurarki ta farko, derh ko dhai?"

Mu a nan ko ɗan yaye ya san derh ɗaya da rabi ne, dhai kuma biyu da rabi. A kunnen yarinyar kuwa duk ɗaya ne. Ita dai alkafura ɗaya da rabi ta ƙware a kai. Biyu da rabi tana gwadawa ne kawai, kuma sau da yawa da ciki take faɗawa.

"Yi sauri mana, ina da aiki. Derh ko dhai?"

Yarinyar ta kalli takarda. Rubutun Hindi ne, duk ya yi mata kama da wanki a kan igiya. Ta kalli 'yan matan da ke gefe. Sai ta ɗauki kalmar da ta fi sauƙin faɗa.

"Dhai, Didi," in ji ta. Haka ƙanana ke kiran manyan 'yan mata.

Garima ta ware ido. "Iye! Ashe kin iya har kin ɓoye? Gobe 'yan Bakin Tafki za su ga ta kansu!"

Yarinyar ta kaɗa kai, ta sa hannu. Amma har ta isa gida tana mamakin me ya sa Didi ta yi murna haka.

Ranar gasa wuri ya cika maƙil. 'Yan Bakin Tafki suka shigo a jere, kofi a gaba.

Wata doguwa a cikinsu ta ce, "Ga 'yan rakiya nan! Ku kalle shi da kyau, sai kuma baɗi."

Naznin, wata 'yar ƙungiyar Garima wadda ba ta barin ko-ta-kwana, ta ce, "Ku dai riƙe mana shi da hannu biyu, kada ku lotsa mana kaya!"

Aka fara iyo. Waɗannan su ci, waɗancan su rama. Kafin rana ta take, maki sun zo kusan daidai. Sai aka kira masu tsalle.

Lasifika ta faɗi sunan yarinyar, ta ƙara da wata doguwar magana. Mutane suka ɗauki tafi tun ba ta hau katakon tsalle ba. Ta waiga ko wata ake yi wa. Ta hango Malama Sisodiya ta miƙe tsaye, baki buɗe, tana ɗaga mata hannu. Yarinyar ta zaci fatan alheri ne, ita ma ta ɗaga mata.

Ta taka katako, ta tashi sama. Ta juya sau ɗaya da rabi, ta shige ruwa sumul kamar allura. Ba ta taɓa yin mai kyau irin wannan ba. Ta fito tana murmushi.

Wuri ya yi tsit.

Alƙalin wasa ya busa usur, ya ce wani abu. Allo ya nuna sifili.

Sifili? Ta goge idonta, ta sake dubawa. Ko allon ne ya lalace? Ko ƙafarta ce ta karkace? Ta dubi Garima, Garima ta ɗora hannu a ka. Ta dubi 'yan Bakin Tafki, suna ta tuntsira dariya. Kanta ya ɗaure tamau.

Garima ta iso a fusace. "Me kika yi haka? Ina dhai ɗin?"

Saura kaɗan yarinyar ta kaɗa kai kamar kullum. Sai hawaye suka riga ta.

"Didi," in ji ta, "mene ne dhai?"

Malama Sisodiya ta zo ta yafa wa yarinyar tawul, ta zaunar da ita. Ta ɗaga yatsa ɗaya, ta lanƙwasa na biyu. "Derh." Ta ɗaga biyu, ta lanƙwasa na uku. "Dhai. Kin rubuta biyu da rabi, kin yi ɗaya da rabi. Wadda ta yi abin da ba shi ta rubuta ba, ba ta da maki, komai kyansa."

"Ban sani ba, Malama."

"Me ya hana ki tambaya?"

"Dariya za a yi mini."

Malama ta nuna mata jama'a. "To yanzu fa? Mutum nawa suka yi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta, kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Naznin ta matso a hankali. "Ni ce na kwaikwaye ki ran nan. Ki yafe mini, bakin nan nawa ba ya jin magana."

Malama ta ce, "Ni ma da laifina, ban duba takardar ba. Tashi, saura tsalle biyu."

Ta yi su da kyau, amma ta huɗu ta zo. Aka haɗa maki. Bakin Tafki na gaba da maki huɗu. Saura wasa ɗaya, iyon karɓa-karɓa na mutum huɗu, kuma yarinyar ce ta uku a jerin.

Malama ta tafa hannu. "Ku je ku ɗan huta. Kowacce ta dawo paune tin!"

Yarinyar ta san tin, uku ke nan. Ta juya za ta tafi wajen mahaifiyarta a bakin ƙofa, ta ci soyayyar ayaba, ta dawo ƙarfe uku. Ta yi taku biyu, ta tsaya. To wannan paune ɗin fa? Ta dawo, ta ɗaga hannu.

"Malama, mene ne paune?"

Ba wadda ta yi dariya. Malama ta ce, "Saura kwata. Uku saura kwata."

Naznin ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Da sai a fara muna neman ki a bakin ƙofa, a kore mu gaba ɗaya!"

Uku saura kwata usur ya tashi. Naznin ta fara, ta biyu ta karɓa. Da aka zo kan yarinyar, 'yar Bakin Tafki ta ba ta rata. Yarinyar ta tsunduma, ta yi ta sara ruwa har hannuwanta suka yi nauyi. Tare suka taɓa bango. Garima ta faɗa ruwa, ita da doguwar nan, kafaɗa da kafaɗa. Ihu ya cika wurin. Garima ta riga ta da tsawon yatsa.

Aka sake lissafi. Maki sun zo daidai cif. Alƙalai suka haɗa kai, suka ce kowace makaranta ta riƙe kofin wata shida.

Garima ta rungume kofin tana dariya tana kuka. Doguwar ta ce, "Sassauta mana, rabi namu ne!"

Yarinyar ta tsaya a gefe. Ta ce a hankali, "Didi, da na tambaya jiya, da namu ne duka."

"Gaskiya ne," in ji Garima. "Da kuma ba ki tambaya yau ba, da ko rabin ba mu samu ba. Zo ki kama nan."

Yarinyar ta kama kunnen kofin, suka ɗaga shi tare.

Malama Sisodiya ta dubi 'yan matan duka ta ce, "Ku ji da kyau. In ba ku gane ba, ku tambaya. In aka tambaye ku, kada ku yi dariya. Matambayi ba ya ɓata."