Wayar da ta Shiga Rijiya

Ana gab da kiran magariba Isufu Maiguwa ya fito daga gidan likita, fensa, abin yanke waya, a hannu, yana tsaki. Karo na huɗu ke nan a mako guda yake bin waya ɗaya.

Shekara ta 1947 ce. Isufu tsohon soja ne, a bariki ya koyi aikin kuran, wato wutar lantarki. An turo shi wani ƙaramin gidan likita a kan hanyar Galma, da takarda mai ɗauke da ƙa'idoji. Fitilar ɗakin fiɗa dole ta samu layinta daban, daga batir, don ko injin wuta ya mutu ta kama. Kada wayarta ta haɗa hanya da ta injin. Sannan a kafa ƙarfe a ƙasa mai laima a ɗaure masa waya, don kada kuran ya kama mutum.

Duk ya yi. Amma kullum da safe batir cike, da yamma babu ko ɗigo. Ya sake waya, ya goge kawunan batir da yashi, ya zagi wanda ya sayar da su. Likita, wani dogon mutumin Dahomai, ya fara yi masa kallon wanda bai san aikinsa ba.

Ungozoma Zaliha ta taɓa faɗa masa cewa inda ya kafa ƙarfen tsohuwar rijiya ce da aka cike, kakanninta a can suke zuba nono kafin shuka. Ya ce mata takarda laima ta ce, kuma a duk tudun nan ba inda ke da laima sai can.

Yau kuwa an kawo wata mata, Cima, daga Allakaye a kan raƙumi, kwana biyu tana naƙuda. Likita ya ce sai an fiɗa. Injin yana tari tun la'asar.

Isufu ya bi wayar ƙarfen ta bayan katanga. Kukan injin ya rage a bayansa. Gyare sun yi shiru. Wani wari ya tarye shi, kamar nonon da ya kwana a ƙwarya, haɗe da ƙaurin tagulla.

Ya durƙusa ya taɓa wayar. Da ɗumi. Tana motsi a hankali, ja, saki, ja, saki, kamar maƙogwaron mai shan ruwa.

Ya ɗora fensa a kai.

"Bari." Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa, daga ƙarƙashin gwiwoyinsa.

 Haushin mako guda ya riga tsoro fita.

"Inna, wagga wuta ba taku ba ce. Ta marasa lafiya ce."

"Kai ka caka muna ƙarfe a ɗaka. Munka ɗanɗana. Da daɗi."

Can baya injin ya yi tari biyu, ya mutu. Ya ji Zaliha tana ƙwala masa kira.

Ya matsa fensa.

Ƙasa ta buɗe kaɗan. Hannu ya fito, siriri, jiƙe, yatsunsa sun fi na mutum tsawo. Ya kama wuyan hannunsa.

Sanyi ya hau har kafaɗa.

Ana jan shi. Gwiwarsa ta nutse. Ya ji numfashi a kan fuskarsa, ba na mutum ɗaya ba.

Ya fara karanta ayar da ta zo bakinsa, ya sa ɗaya hannun, ya danna da duk nauyinsa.

Ƙas.

Wayar ta tsinke. Ya faɗi da baya, ya tashi da rarrafe, bai waiwaya ba.

A ɗakin fiɗa duhu ne, Zaliha na riƙe da aci-bal-bal. Isufu ya ciro batir ɗin motar likita, ya haɗa da hannun hagu, don na dama ya ƙi lanƙwasuwa. Ampul, ƙwan fitilar, ya yi ja, ya yi fari. Likita ya sunkuya kan aikinsa. Kafin lisha aka ji kukan jaririya.

Washegari Isufu ya haƙa rami a bayan wurin wanki, ya zuba gawayi da gishiri, ya kafa sabon ƙarfe. Batir bai sake zubewa ba. Hannunsa na dama kuwa bai sake jin zafi ko sanyi ba har ya tsufa.

Bayan wata guda mai duba aiki ya iso daga Tawa. Ya zagaya ko'ina yana gyaɗa kai, har ya ga guntun tsohuwar wayar ya leƙo daga ƙasa, ba a haɗe da komai ba. Ya taɓa da yatsa. Ta jefar da shi gefe.

Ya tashi yana kakkaɓe wando, ya ce wannan ya saɓa ƙa'ida, a tone ta yau.

Isufu ya miƙa masa fensa da shebur, ya girmama shi da Faransanci.

"Mushe, bisimilla. Ka fara yi musu sallama."