Guntun Fulogi

Ƙas!

Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinke ba, amma Auta ta ji ta har tsakar kanta. Ta zaro sifana a hankali, sai ga rabin fulogi maƙale a bakin sifanar. Ɗaya rabin kuwa yana can cikin injin motar Baba, ya lafe a raminsa.

"Wayyo Allah... na shiga uku!"

Umma ta leƙo ta tagar kicin. "Ke lafiya? Yankewa kika yi?"

"Fulogi ne ya karye, Umma. A ciki ya karye!"

"To ai sai a ciro shi."

Auta ta zauna daɓas a kan tsohuwar taya. A ciro shi! Umma ta faɗa sai ka ce ƙaya ce a tafin ƙafa.

Tun rasuwar Baba motar take tsaye a rumfar tsakar gida. Yaya, babban wanta, ya riga ya yanke hukunci: in ba ta tashi ba zuwa Asabar, abokinsa dillalin motoci zai zo ya ja ta. Shi kuwa dillalin nan ba motar kaɗai yake son ja daga gidan ba, kowa ya sani. Shi ya sa Auta ta zage damtse ta buɗe bonet da kanta, wai ta canja fulogai yadda aka taɓa koya mata.

"Kira shi mana," in ji Umma.

"Wa?"

"Kin fi ni sani."

Bakanike ne, amma Baba ya laƙaba masa Injiniya, sunan ya bi shi. Shekara shida ba wanda ke taɓa motar nan sai shi, kuma a gaban wannan bonet ɗin suka fara son juna, tana riƙe masa fitila yana koya mata sunayen ƙarafa. Baba ya gani ya kau da kai yana murmushi. Yaya ne ya kafe, wai ƙanwarsa mai digiri ba za ta ƙare a gidan mai baƙin farce ba. Da Baba ya kwanta dama, dillali ya kawo nasa makaniken ya tattaɓa motar, suka ce Injiniya ya kwashe kayanta na asali ya sayar lokacin da Baba ke jinya. Auta na cikin zafin rashi ta tare shi a ƙofar gida, ta yi masa tambaya ɗaya tak.

"Da gaske ne?"

Ya dube ta, ya sake dubanta, ya juya ya tafi. Yau wata goma sha huɗu.

Wata uku da suka wuce tana gyaran sito ta ci karo da wani kwali. Tsofaffin kayan motar ne cif, kowanne a ledarsa, da ranar da aka cire shi a rubuce da hannun Injiniya. Haka yake aikinsa, duk abin da ya cire sai ya damƙa wa mai shi. Ta kai wa Yaya, ya ce an riga an wuce wurin. Ta sha ɗaukar waya tana ajiyewa, kunya ta ƙi barinta.

Lambar ta daɗe da goge ta, amma yatsunta ba su manta ba.

"Salamu alaikum."

Muryarsa ta sauka a ƙirjinta, ta runtse ido.

"Ni ce..."

Tana jiyo ƙarar guduma a bayansa.

"Na gane."

"Fulogi ya karye mini a motar Baba. Na farko da na taɓa."

"Kada ki zura komai a ramin. Ki rufe da tsumma mai tsabta. Ina zuwa da yamma."

Ƙit, ya kashe.

Ya zo da akwatin kayan aikinsa. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa, Auta ta ji kamar ta fashe da kuka. Ya durƙusa ya gaida Umma, ita kuwa ko inda take bai kalla ba.

"Riƙe fitila."

Ta riƙe. Ya hure ramin da famfon iska, sannan ya sa dogon hantsaki yana tsinto farin tangaran ɗin da ya farfashe, ɗaya bayan ɗaya, yana ajiyewa a murfin gwangwani.

"Ko ɓarɓashi ɗaya ya faɗa ciki, injin ya gama yawo," ya ce da injin, ba da ita ba.

"Ni na yi masa ƙarfi..."

"Ba ke ba ce. Wanda ya ɗaura ne. A bushe ya sa shi, ya matse kamar suna da tsohuwar gaba." Ya goge hantsakin. "Wannan ba ɗaurina ba ne."

Na sani! Wallahi na sani! A ranta kawai ta faɗa. Ta gyara riƙon fitilar.

Ya fesa man da ke cin tsatsa, ya jira. Ya ɗauko wani ƙarfe mai kusurwa huɗu, siriri daga ƙasa, ya kafa shi cikin guntun fulogin da dukan guduma kaɗan-kaɗan, ya sa masa mariƙi. Da alli ya ja layi daga ƙarfen zuwa jikin injin, don ya gane in ya motsa. Ya aike ta ta ɗauko wani tsumman. Ko da ta dawo, ya riga ya fara haɗa kaya.

"Bai jiƙa ba. Sai gobe."

"Gobe?"

"Sai man ya ratsa. In na matsa masa zaren ɗaurin da ke cikin ramin ya lalace, sai an sauke kan injin gaba ɗaya."

Umma ta fito da ruwa a kofi. "Ɗan nan, an ce tafiya za ka yi?"

"E, Umma. Wani kamfani ne ya ɗauke ni, da nisa sosai. Juma'a zan tashi."

Ran Talata ke nan. Auta ta ƙirga da yatsun da ke riƙe da tsumma, ta ga kwanakin ba su kai komai ba.

Washegari tun azahar take leƙen ƙofa. Sau uku tana canja ɗankwali, wai don za ta riƙe fitila. Ya zo, ya ƙara fesa mai, ya ɗan ƙwanƙwasa ƙarfen. Kafaɗarsa kusa da tata, ƙamshin sabulun nan nasa da na man inji, duk suna nan yadda ta san su. Ta haɗa kalmomin haƙuri a ranta sun fi sau ashirin, tana buɗe baki sai ga Yaya ya shigo.

"Wa ya ba wannan izinin taɓa motar mahaifina?"

Injiniya ya miƙe. "Barka da yamma, Yaya."

"Ni ba yayanka ba ne!"

"Ni na kira shi," in ji Auta. Ba ta sunkuyar da kai ba. "Makanikin abokinka ne ya lalata, shi kuma yake gyarawa."

"Ke! Ni kike faɗa wa haka?"

"Ka yi haƙuri, Yaya. Gaskiya ce, kai ma ka sani."

Yaya ya dubi tagar kicin, ya ga Umma tsaye tana kallonsa. Ya ja tsaki. "Asabar dai na ce."

Ya fice. Injiniya ya ɗan daɗe yana goge hannun da ba abin da ya taɓa.

"Bai jiƙa ba," ya ce a hankali. "Sai gobe."

Bayan tafiyarsa rana ta yi sanyi, Auta ta zo rufe bonet. Mariƙin yana nan tsaye inda ya bar shi. Ta ɗora tafinta a daidai inda nasa ya kwanta, ba don komai ba, don kawai ta taɓa abin da ya taɓa.

Sai mariƙin ya juya.

Ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Ta sake gwadawa da yatsu biyu. Sulul ya tafi hagu, ba gardama ko kaɗan. Guntun a sake yake! Juyi biyar ko shida ya rage ya fito.

To me ya sa ya ce sai gobe?

Amsar ta zo mata, ta jingina da motar tana dariya hawaye na zuba. Sai kuma tsoro ya biyo baya. Gobe Alhamis. Minti goma ya ishe shi ya zare abin nan, ya rufe akwati, jibi ya kama hanya. Mai hankali da sai ta zauna ta shirya maganar da za ta faɗa masa. Auta kuwa, da digirinta da komai, kama mariƙin ta yi da hannu biyu ta murɗa shi dama, ta murɗa, har sai da ya ƙi motsi. Ta mayar da tsumma ta rufe bonet, ta shige ɗaki sumui-sumui.

Ran Alhamis ya zo da batir a kafaɗa da sabon fulogi a aljihu. Idanunsa sun nuna bai yi barcin kirki ba. Ya ɗaga tsumma, ya sa yatsu biyu a mariƙin.

Bai motsa ba.

Ya sunkuya ya dubi layin alli. Ya daɗe yana dubansa.

"Auta."

Wata goma sha huɗu ba ta ji sunanta a bakin nan ba.

"Na'am..."

"Wa ya taɓa motar nan?"

"Ba kowa."

"A hagu na bar allina. Yau ya koma dama, har ya wuce inda na fara."

"Wataƙila... tsatsar ce ta dawo."

"Tsatsa ta iya ɗauri?"

Ta ɗago jajayen idanunta. "Kai kuma fa? Tun yaushe ya saki?"

Ya kau da kai. Bakanike guda, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Tun ranar farko. Lokacin da kika tafi ɗauko tsumma."

"Ka ce bai jiƙa ba..."

"Ni ne ban shirya ba."

Nan kukan ya ƙwace mata. "Ka yafe mini, don Allah ka yafe mini! Na ga kwalin... na ga kayan duka, da rubutunka. Tun wata uku na gani, kunya ta hana ni kiranka."

"Ba kwalin na so ki gani ba, Auta." Muryarsa ta dushe. "So na yi ki sani ba sai kin ga kwali ba. Duk duniya ta tambaye ni ban damu ba. Amma ke?"

"Na sani. Ba ni da bakin kare kaina. Tambayar nan kullum da ita nake kwana, da ita nake tashi. In tafiyar za ka yi, ka tafi... amma kada ka tafi da ita a ranka."

Ya ajiye tsumman da ke hannunsa.

"Kin san duk motar da na buɗe a gareji, sai na ce riƙe fitila? Sai na waiwaya in ga ba kowa."

"Injiniya..."

"Share hawayenki, Autata, kada su ɗiga a ramin. Zo ki kwance abin da kika ɗaura."

Ta kama mariƙin, ya kama ɗaya gefen. A hankali, hagu, su ɗan tsaya, su ƙara. Guntun ya yi ƙara siririya ya saki, ya hau fitowa har ya faɗo a tafinsa, baƙi ƙirin da tsatsa. Ya share zaren ramin, ya shafa wa sabon fulogi ɗan giris, ya fara ɗaura shi da yatsu kafin ya kawo sifana. Ya haɗa batir.

"Shiga ki tada."

Motar ta yi tari sau biyu, a na uku ta kama. Umma ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya cak tana jin muryar motar mijinta, ta sa gefen mayafi ta goge ido.

Auta ta kashe ta fito. Aiki ya ƙare. Ya rufe akwatinsa, ƙarar murfin ta tsinka mata zuciya. Ya ɗauka, ya yi taku biyu, ya tsaya.

"Kin ji yadda take rawa kuwa?"

"Na ji..."

"Saura fulogi uku. Hannu ɗaya ne ya ɗaura su duka." Ya sosa ƙeya. "Kowanne sai ya sha mai sosai. Mako guda aƙalla."

"Gobe Juma'a."

"Na sani."

"Kamfanin fa?"

"Kamfani ba zai rasa bakanike ba, rabin raina. Ni ne in na tafi zan rasa."

"Kai ɗan nan!" Umma ta nuna shi da ludayi. "Kwana uku ina kallonku ta taga, wannan ya kwance, wannan ta ɗaure. Ku bar wahalar da motar bawan Allah haka nan. Yau ɗin nan za ka cire sauran."

"Umma, Yaya fa..." in ji Auta.

"Ni na haife shi, ni zan ji da shi. Kai kuma gobe, maimakon tasha, ka turo mini kawunka."

Auta ta rufe fuska da hannuwa, ta manta duk baƙin mai ne.

"To, Umma," in ji Injiniya.

Ya sunkuya zai buɗe akwatin. Mutumin da shekara shida bai taɓa yar da ko noti ɗaya a gidan nan ba, sai ga shi ya kifar da kayan gaba ɗaya a tsakar gida.