Gawar da Ta Amsa Sunan Safiyo

Ranar Litinin da hantsi aka bugo waya caji ofis na Gwagwalada. Wani manomi a Paikon Kore ya je duba masararsa bayan ruwa ya janye, ya tarar da gawar mutum ta maƙale a saiwar bishiya a bakin rafi.

Sufeto Rukayyat Bello ce ke kan aiki. 'Yar Ilori ce, amma a Zariya ta tashi, don haka Hausarta ba gargada. Shekararta goma sha huɗu tana binciken kisan kai. Ta ɗauki Sajan Friday suka kama hanya.

Gawar ta kwana huɗu a ruwa, fuska ba ta ganuwa. Rigar jikinta ta wani kamfanin zana taswira ce da ke Wuse, ga agogo mai tsada a wuyan hannu. Can sama kaɗan, kusa da kwalbati, an riga an tsinci wata farar mota kwance a gefenta tun ranar Juma'a. Mai motar, Safiyo Habibu Maiturare, ƙwararren mai awon fili a kamfanin, tun ranar Alhamis iyalinsa ke cigiyarsa.

"Madam, wannan aiki ya ƙare tun bai fara ba," in ji Friday. "Ruwa ya kwashe mota, ya kwashe mai mota."

Rukayyat ta sa safar hannu ta tsuguna, ta juya tafin hannun mamacin. Kanta ce a jere a gindin kowane yatsa. Ta cire masa takalmi, ta ga faso a diddige.

"Safiyo nawa ka sani da irin wannan hannu?"

"Ai suna shiga daji, madam."

"Suna shiga. Amma ba su ke riƙe adda ba."

Da la'asar wata mata ta zo mutuware daga kamfanin. Sunanta Juwairiyya, ita ce mai kula da hotunan tauraron ɗan'adam, ta kuma shekara bakwai tana aiki da Habibu. Tana riƙe da wata na'ura kamar wayar hannu.

"Mu goma sha biyu aka sa wa cip shekara biyu da suka wuce," in ji ta. "Bai fi ƙwayar shinkafa ba. A nan yake, tsakanin babban yatsa da manuni. Da shi muke buɗe ƙofa da kwamfuta."

Ta kara na'urar a hannun hagu na gawar. Na'urar ta yi ƙara, lamba ta fito, sai hoton Habibu da sunansa. Juwairiyya ta dafa bango ta yi salati.

Friday ya kalli Rukayyat. Ita kuwa sai ta tambaya, "Wannan abin, tauraro yana iya bin sa ya ga inda mutum ya je?"

"A'a. Mutane da yawa haka suke zato. Ba shi da batir, ba ya aika komai. Sai an kawo na'ura dab da fata. Lamba ce kawai a ciki, bai san hannun wa yake ba."

'Yan uwan Habibu suna waje da likkafani, suna so a yi jana'iza kafin magariba. Rukayyat ta fita ta ba su haƙuri, ta ce sai likita ya gama. Wani kawunsa ya ɗaga murya, ya ce an tabbatar da mutum da na'ura, me kuma ake jira. Ta saurare shi har ya gama, amma ba ta saki gawar ba.

Washegari da safe likita ya kira ta. Ya ajiye mata cip ɗin a kan ɗan faranti.

"Abu biyu ne, Sufeto. Na farko, ba ruwa ya kashe shi ba. An buge shi a ƙeya da abu mai nauyi. Na biyu, cip ɗin da ya shekara biyu a jiki, nama yakan naɗe shi. Wannan a sake na same shi, cikin sabon yanka. Kuma yankan bai yi jini ba."

"Wato bayan ya mutu aka cusa masa."

"Haka na rubuta."

Gidan Habibu a Gwarimpa yake. An kafa rumfa a ƙofar gida, 'yan gaisuwa sun cika kujeru. Matarsa Mashkura ta karɓi 'yan sandan a falon ciki, cikin dogon hijabi, carbi a hannu.

"Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Da ƙarfe nawa ya fita ranar Alhamis?"

"Bayan azahar. Ya ce zai duba wani fili ya dawo kafin magariba."

"Shi da wa?"

"Shi kaɗai."

"Jiya kin shiga kin ga gawar?"

"Ban iya ba. Agogonsa aka nuna mini. Shi ne."

"Yana da wani ciwo da yake shan magani a kai?"

"Hawan jini. Kullum da safe."

"Ko zan ga maganin? Likita yana so ya san irinsa."

Mashkura ta shiga ɗaki. Ta daɗe, sannan ta fito hannu wofi.

"Ina jin a mota ya bar shi."

"Mun kwashe duk abin da ke motar, Hajiya. Babu magani. Tabaransa na karatu fa?"

Carbin ya tsaya a hannunta. "Ranki ya daɗe, ina cikin takaba. Ba zan iya tuna komai ba."

A mota Rukayyat ta ce wa Friday, "Mutumin da zai dawo kafin magariba ya kwashe duk maganinsa da tabarau. Ka kira duk caji ofis daga Zuba zuwa Kwali. Ka tambayi ko an kawo cigiyar namiji, mai tsayin safiyo, tun daga ranar Alhamis."

Amsa ta zo ranar Laraba, kuma da ƙafarta ta zo. Wata mata ce siririya da goyo, silifas ɗinta duk jar ƙasa. Sunanta Lantana, a Tungan Maje take zaune. Caji ofis biyu ta je aka ce ta dawo bayan mako, sai a na uku aka turo ta Gwagwalada.

"Mijina nake nema, ranki ya daɗe. Sale. Sharar daji yake yi wa masu awon fili."

"Yaushe rabonki da shi?"

"Alhamis. Oga Habibu da kansa ya zo da farar mota ya ɗauke shi. Sale ya ɗauko adda, oga ya ce ya bar ta, aikin ba na sara ba ne."

"Sun saba aiki tare?"

"Shekara shida. Har tsofaffin rigunansa yake ba shi, don tsayinsu ɗaya."

Rukayyat ta ajiye biro. "Akwai wata alama a jikin mijinki?"

"Ɗan yatsansa na ƙafar dama, ƙaramin, babu farce. Dutse ya faɗo masa a rijiya tun muna Jibiya."

Rukayyat ta buɗe rahoton likita. Yana nan a shafi na biyu. Ta tashi ta rufe ƙofar ofis, ta jawo kujera kusa da matar, ta gaya mata gaskiya ba tare da kewaye-kewaye ba. Lantana ba ta yi kururuwa ba. Ta kwance goyon ta rungume yarinyar, hawaye na sauka. Da ta samu magana, abu ɗaya ta roƙa.

"Kada a rufe shi da sunan wani."

"Ba za a rufe ba," in ji Rukayyat.

Daga nan suka wuce Wuse. Juwairiyya tana zaune gaban manyan alluna biyu na kwamfuta. Da ta ji ba Habibu ne a mutuware ba, sai ta juyo da kujerarta ta fuskance su.

"Me zai sa mutum ya so a ce ya mutu?" Rukayyat ta tambaye ta.

Juwairiyya ta buɗe hotuna biyu gefe da gefe. "Wannan hoton tauraro ne na shekara takwas baya. Kin ga koren layin nan da ya ratsa fili? Hanyar ruwa ce. Da rani ba ta da ruwa, amma ciyawa na tona asirinta. Wannan kuma taswirar da oga ya sa wa hannu. Babu layin. An gina gidaje arba'in a kai. Daminar bara ruwa ya dawo hanyarsa, mutum shida suka rasu."

"Wa ya san da wannan?"

"Kwamitin bincike. Ni na ba su hoton, don sun nema a rubuce. Yau Laraba ya kamata ya bayyana gabansu." Ta sunkuyar da kai. "Na gaya masa ba zan yi ƙarya ba. Tun daga ranar bai sake gaishe ni ba."

"Ina zai ɓuya?"

"Ban sani ba. Amma duk hoton da mutum ya yi oda a nan, kwamfuta tana ajiye lambar cip ɗinsa."

Ta yi 'yan danne-danne. Tun daga Afrilu, Habibu ya yi odar hoton wani fili sau biyar, a bayan Bwari, gindin wani dutse. Babu aikin kamfani ko ɗaya a wurin.

"Yana duba ko ana gani daga sama ne," in ji Juwairiyya. Ta jera hotunan. Na Afrilu, gonar kashu ce kawai. Na Yuni, wata 'yar hanya ta ɓullo. Na Agusta ma bishiyoyi ne, ba a ganin komai.

"Babu gida a nan," in ji Friday.

"Bari." Ta sauya launin hoton, duk ganye ya koma ja. A tsakiyar jan sai ga wani ɗan murabba'i baƙi. "Ganye mai rai ja yake fitowa a wannan launin. Wannan koren fenti ne a kan kwano. Ido zai ruɗu, tauraro ba ya ruɗuwa da fenti. Oga ne ya koya mini wannan."

Ta rubuta musu lambobin wurin a takarda.

Ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe suka isa, tare da 'yan sanda huɗu daga Bwari. Suka bar mota a bakin hanya suka taka cikin kashu. Ɗaki ɗaya ne da bayi, da tankin ruwa, da koren kwano. Wani mutum yana zaune kan benci da tabarau, yana sauraron rediyo. Hannunsa na hagu naɗe da bandeji.

"Salamu alaikum, Safiyo."

Ya miƙe, ya dubi bayan ɗaki, ya ga ɗan sanda a tsaye. "Kun yi kuskure. Sunana Nazir, mai gadin gona ne ni."

"Me ya sami hannunka, Malam Nazir?"

"Adda ce."

"Kwance mu gani."

Bai motsa ba. Friday ya kwance bandejin. Yanka ne ɗan ƙarami tsakanin babban yatsa da manuni, ya fara ruwa. A kan taga ga kwalin maganin hawan jini, da sunan Habibu Maiturare a rubuce da biron mai kemis.

Ya koma kan bencin ya zauna, ya kashe rediyon da kansa.

"Juwairiyya ce ko?"

"Ni ke tambaya. Me ka yi wa Sale?"

Ya cire tabarau ya riƙe. "Na ce masa ya tsuguna ya riƙe mini turke a bakin kwalbati. Gudumar tana hannuna. Sau ɗaya ne." "Na sa masa rigata da agogo da takalmi. Da reza na ciro cip ɗina na cusa masa. Da ruwa ya taso na tura shi, na tura motar. Mashkura tana jira a bakin titi, ita ta kawo ni nan. Amma ba ta san da mutum a cikin lamarin ba sai daga baya. Na ce mata mota kawai zan jefa."

"Wannan ita za ta faɗa da bakinta. Me ya sa Sale?"

"Tsayinmu ɗaya. Kuma na zaci ba wanda zai neme shi."

"Matarsa ta taka caji ofis uku da goyo a bayanta."

Habibu ya ɗago. "Yana da mata?"

Rukayyat ta fito da takardar bayani ta ɗora a cinyarta. "Shekara shida yana share maka daji. Faɗa mini cikakken sunansa in rubuta."

Habibu bai sani ba.

"Sale Abdulbasit, mutumin Jibiya," in ji ta, tana rubutawa. "A kan kisansa nake kama ka. Na mutum shidan kuma kwamiti na jiran ka."

Friday ya sa masa ankwa, ya kauce wa yankan. Suka bi 'yar hanyar cikin kashu, Habibu a tsakiya, kansa a ƙasa. Kafin su kai mota Rukayyat ta kira mutuware, ta ce a cire takardar da ke ɗaure a ƙafar gawar a rubuta sabuwa. Ta ce kuma a sanar da Lantana ta kira mutanensu, za a ba su Sale bayan azahar.