Riga Mai Lamba Goma Sha Biyu

Kafin Sufeto Loretta Gaines ta iso zauren gasar ƙwallon kwando na Louisville da hantsin Asabar, har an tsinci jakar da aka sace jiya a kwandon shara. Waya da takalma suna ciki. Riga mai lamba biyar ce kawai babu. Loretta ta daɗe a aiki, amma ba ta taɓa ganin ɓarawon da ya bar waya ya ɗauki riga mai tsamin gumi ba.

Mai jakar, Shanice Boudreaux, idonta ya kumbura da kuka. Wannan gasar ce damarta ta ƙarshe ta samun karatun jami'a kyauta. Jiya da rigar aro ta ci maki talatin da ɗaya, amma ko jami'a ɗaya ba ta neme ta ba.

Loretta ta dubi masu horarwar jami'o'i a bakin fili. A wannan makon doka ta hana su magana da 'yan wasa. Lambar riga suke gani, su duba suna a kundin gasa, su rubuta.

Koci Tibbs, mai ƙungiyar, ya ce shi ma kansa ya ɗaure. Jami'o'i uku sun bugo masa, duk Marlee Pruitt suke tambaya, yarinyar da ta wuni a benci jiya wai ƙafarta ta gurɗe.

"Wace lamba Shanice ta ara?" in ji Loretta.

"Sha biyu," in ji shi. Lambar Marlee ce.

Misis Pruitt, uwar Marlee, ita ke wanke rigunan ƙungiya. Ta tari Loretta da fara'a har kunne, ta rantse tausayi ne ya sa ta ba da rigar 'yarta, don babu ta ajiya.

Loretta ta koma wajen Marlee ta tambayi ƙafa. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ce lafiyarta ƙalau, Mama ce ta naɗe mata bandeji ta ce ta zauna.

Da aka buɗe bayan motar Misis Pruitt, ga rigunan ajiya har huɗu a ninke. A ƙarƙashinsu, lamba biyar.

Fara'ar ta ɗauke. "Shekara tara ina kai Shanice atisaye a motar nan, ita da Marlee, su biyun," in ji Misis Pruitt. "Ni ke ciyar da yarinyar nan. Amma duk wanda ya tare ni sai ya ce, ke ce maman Shanice? Ba wanda ya taɓa tambayar sunan 'yata. So nake mutanen jami'o'in nan su rubuta shi ko sau ɗaya."

Loretta ta ji tausayinta, amma ta miƙa ta ga ɗan sandan da zai kai ta ofis.

Ana fita da Misis Pruitt ta waigo, ta hango Marlee ta kwance bandejin, ta karɓi wayar Koci Tibbs, ta kira jami'ar farko.

"Ni ce Marlee Pruitt," ta ce. "Wadda kuka gani jiya ba ni ba ce. Ku ɗauki biro, zan faɗa muku sunanta."