Kiɗan Shiru a Ƙofar Sauri

"Wannan nake so, Saude. Dube shi fa!"

"Ba za ka saye shi ba."

"Ke da ko taɓa shi ba ki yi ba..."

"Ai na ji shi. Duk mutanen layin nan ma sun ji shi!"

Alhaji Yari mai kanti ya yi kamar yana goge gilashin talabijin, amma kunnuwansa na wurinsu. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya cika gari, kowane ma'aikaci na neman abin da zai kai gida ya jona a wuta. Kantin Alhaji ya cika da firji da rediyo da fanka, sai kuma fiyano biyu da ya kwaso daga Legas, shi kansa bai san wa zai saya ba. Ɗaya babba ne mai ƙafafu, in an danna shi har tagogi sai sun amsa. Ɗayan ƙarami ne, mai batir, mutum na iya saɓa shi a hammata.

Yahaya babban yake so, kuma ba a ga laifinsa ba. Malamin makaranta ne, ɗan manoma daga ƙauye, a kwaleji ya koyi fiyano, kuma tun ranar da yatsunsa suka hau shi zuciyarsa ba ta sauka ba. Yanzu ga jarrabawar wani kwas na kiɗa a gabansa, yana buƙatar abin da zai riƙa gwaji da shi a ɗaki.

Saudatu ta ja mayafinta ta rage murya.

"Malam Yahaya, ka manta inda kake kwana? Gidan haya ne fa, a Ƙofar Sauri. Bangonku ko tari ka yi sai maƙwabciyarka Delu ta ce maka sannu."

"To sai me? Su ma ai suna kunna rediyo."

"Rediyo daban, makaɗi daban. Baba ya ce zai tura Baffa Lado binciken aurenmu. Ranar da wani ya ce masa ana kiɗa a ɗakinka, wallahi magana ta ƙare!"

Gaskiyarta. Mahaifinta, Malam Hamman na unguwar Gobarau, mutum ne mai sanyin hali, ko kaza bai iya yi wa tsawa. Amma Bafillace ne, malami ɗan malamai, kuma a zuriyarsu ba a taɓa ba makaɗi 'ya ba. Shi a wurinsa duk wanda ya taɓa abin kiɗa maroƙi ne, ko da kwat da takalmi sau-ciki ya zo.

Alhaji Yari ya gaji da goge gilashin da babu ƙura. Ya matso da wani abu mai waya a hannunsa, kamar 'yan faifai biyu da aka haɗa da baka.

"Malam, ƙaramin nan shina da wani sirri. In ka soka wanga abin kunne, kai kaɗai ka ji. Ko matarka na gefe ba ta jin komi."

Yahaya ya ɗora shi a ka, ya danna. Kantin ya yi tsit, yatsunsa kawai ke tafiya. Ya cire yana yamutsa fuska.

"Maɓallansa ba su da yawa. Kuma sautin kamar a cikin tulu."

"Amma ba mai ji," in ji Saudatu.

"Saude, kiɗan da ba mai ji, kiɗa ne?"

"Ni ko kiɗan, wanne ka fi so a ji labarinsa a gidanmu?"

Ya daɗe yana kallon babban. Sannan ya juyo ya dube ta, idonta ya ciko da ƙwalla.

"Haba 'yar Fillona, kada ki yi mini kuka a kantin mutane. Alhaji, naɗe mana ƙaramin."

Ta koma gida ranar tana jin ta fi kowa dabara a Katsina.

Dabarar kuwa ta yi aiki, har ta wuce inda aka aike ta. Kullum Yahaya ya taso daga makaranta sai ya shige ɗaki, ya ɗora fiyanon a cinya, ya juya wa taga baya. Ba wanda ya taɓa jin ko ƙis. Abin da Saudatu ba ta lissafa ba shi ne, mutanen gidan haya in kunnensu bai samu abinci ba, idonsu zai nema.

Wata Alhamis da hantsi tana tankaɗe a tsakar gida, Baffa Lado, ƙanen mahaifinta, ya yi sallama. Daga yadda ya ƙi zama a kan tabarma ta san akwai magana. Ya wuce zaure wurin Malam Hamman, ita kuma ta ɗauki buta ta laɓe a bayan ƙyaure.

"Yaya, yaron ba ya sha, ba ya caca, sallah ba ta wuce shi. Asalinsu ma na bincika, manoma ne tsaf."

"Alhamdu lillahi. To mi ya rage?"

"Shina da iska."

Butar ta kusa suɓuce mata.

"Wata Delu mai tuwon saidawa, ɗakinta na jikin nashi, ita ta hwara gaya mani. Ban yarda ba sai da ta kai ni bakin taga na gani da idona. Shina zaune ya ba mu baya, ya ɗaure kai da wani baƙin abu, shina rangaji, kahwaɗu na rawa. Na yi sallama har na gaji, ko waiwaye. Delu ta ce wata rana har hawaye shike, shi kaɗai, ba mai magana da shi. 'Yan gidan duk sun hana ɗiyansu zuwa ƙohwar ɗakin."

Saudatu na jin ƙarar tasbahar Malam Hamman.

"Allah sarki, yaro mai ladabi," ya ce. "Lalura ce, Lado, ba hali ba ne. Ba a ƙin mutum don lalura. Ka ce mashi shi zo gobe bayan la'asar. In yi mashi rubutu shi sha, mu ga abin da Allah zai yi. In ya samu lahiya, na ba shi Saudatu."

Ta koma wurin tankaɗenta. Innarta ta tambaye ta me ya faru, ta ce garin ne ya shiga mata ido.

Washegari da aka tashi yara ta tare shi a bakin makarantarsu, ƙarƙashin dalbejiya, yana ƙoƙarin tayar da babur ɗinsa Vespa. Ta zayyana masa komai. Da farko dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Ni ne mai iska? Delu! Matar da nake saya wa itace in ta rasa!"

"Ba abin dariya ba ne. Ka saurare ni..."

"Ai shi ke nan, sai in ɗauki fiyanon in kai wa Malam ya gani."

"Ka kai masa me?!"

Dariyar ta tsaya.

"Mai iska Baba zai ba shi ni, in ya warke. Makaɗi kuwa ko zaurenmu ba zai sake takawa ba. Ka gane yanzu?"

"Saude... so kike in ce ina da aljanu?"

"Ba sai ka ce ba. Ka yi shiru kawai, ka sha rubutun. Bayan kwana biyu a ce ka warke."

"Garin nan fa nake koyarwa. Yara za su riƙa nuna ni. 'Ya'yan da za mu haifa, a ce ubansu ya taɓa taɓuwa."

"Na sani."

"Kuma in na warke, fiyanon fa? Ranar da aka sake ganina ina rangaji sai a ce ciwo ya dawo."

"Na sani, Yahaya, na sani! To ya kake so in yi? In bar gidanmu? In sa Baba ya kasa ɗaga kai a masallaci? Ni ban da wata hanya, wallahi ban da ita..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ya tsaya da hular kwano a hannu, ya rasa inda zai sa kansa. Son yarinyar nan yake kamar ransa, kuma bai taɓa iya ganin hawayenta ya yi gardama ba.

"Share idonki, masoyiyata. Zan zo. Zan sha."

Ta samu abin da ta roƙa, amma ko kaɗan ba ta ji sanyi a ranta ba.

Bayan la'asar ya zo, cikin farar riga da hula, ya tuɓe takalmi tun daga waje. Saudatu na bayan ƙyaure, ta sami wata 'yar tsaga tana leƙe. Aka gaisa, aka tambayi aiki da mutanen ƙauye da damina, aka sake gaisawa. Baffa Lado ya zauna can nesa da shi, kusa da ƙofa, yadda in abin ya motsa zai riga kowa fita.

Malam Hamman ya jawo wata 'yar ƙwarya da ya rufe da faifai. Tun safe yake rubutun nan da hannunsa, ya wanke allon da kansa, bai bar wa ɗalibai ba.

"Yahaya, kada ka ji kunya. Ni uba ne gare ka. Abin nan, in ya zo maka, kana jin sauti a kunnenka?"

Yahaya ya sunkuyar da kai.

"Ina ji, Malam."

"Wanda sauran mutane ba su ji?"

"...E, Malam."

"Shina sa ka kuka?"

"Wani lokaci."

"Allah sarki. Tun yaushe?"

"Tun ina kwaleji."

Baffa Lado ya girgiza kai yana salati. Malam ya miƙo hannu ya dafa kan Yahaya, ya yi masa addu'a a hankali, irin wadda yake yi wa Saudatu in zazzaɓi ya kama ta tana ƙarama. Da ya gama, idon tsohon ya yi ja. Tausayi ne na gaske, ba na baki ba.

Nan ne abin ya kai wa Saudatu iya wuya. Ga mutum biyu da ta fi so a duniya: ɗaya ya ƙasƙantar da kansa ya zama mahaukaci saboda ita, ɗayan yana zubar da hawayensa da ayoyin Allah a kan ƙaryar da ita ta ƙulla. Ta ga Yahaya ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Ta ga ya kai ta bakinsa.

"Kada ka sha!"

Ba ta san lokacin da ta turo ƙyauren ba. Tunda aka haife ta ba ta taɓa shiga zaure da baƙo a ciki ba. Ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Baba, lafiyarsa ƙalau. Ba shi da iska ko ɗaya. Kiɗa yake yi."

"Saude, ki bari..." in ji Yahaya.

"Fiyano ne, abin kiɗan Turawa. Baƙin abin da Baffa ya gani, na kunne ne, don kada kowa ya ji. Ni na zaɓa masa shi a kanti don a ɓoye maka. Ni na ce ya zo ya sha rubutun. Duk ni ce, Baba!"

Baffa Lado ya buɗe baki, Malam ya ɗaga masa hannu. Ya karɓi ƙwaryar daga hannun Yahaya, ya mayar da faifan ya rufe.

"Gaskiya ta hwaɗi?"

"Gaskiya ne, Malam. Ka gafarce ni."

"Iska ina da maganinta, da yardar Allah. Wanga kau maganinshi na hannunka. Kana iya barin shi? Ba don wata guda ba, ba don a ɗaura aure ba. Har abada."

Saudatu ta ɗago ta dube shi. Kalma ɗaya ce, kuma ta san in ta roƙe shi da ido zai faɗe ta. Sai ta mayar da kanta ƙasa.

Yahaya ya ɗago kai ya dubi tsohon.

"Malam, yanzu na gama yi maka ƙarya guda. In na ce zan bari, na yi ta biyu."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali.

"To ka ji tawa gaskiyar. Ina ganin girmanka yau hiye da jiya. Amma ɗiyata ba ta zama gidan kiɗa, ban gada ba, kuma ba ni hwara shi. Lado, gobe ka koma gidan nan ka gaya masu yaro lahiyarshi lau, kada wanda ya ƙara ɓata mashi suna. Tashi ka tahi, Yahaya. Allah shi haɗa ka da rabonka."

Yahaya ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya neman takalminsa, alhali ga su nan a gabansa.

"Saude..." ya ce, bai juyo ba. "Na gode."

Ta ji ya tayar da Vespa, ta ƙi tashi, ya sake, sannan ƙarar ta bi lungu ta yi nisa. Tana nan durƙushe, hawaye na ɗiga a kan buzun mahaifinta. Jira take ya yi mata faɗa, ko ya ɗaga hannu a karo na farko a rayuwarsa. Da ya yi hakan ma da ta fi samun sauƙi.

Sai ta ji tafin hannunsa a kanta.

"Kin hana shi shan ayar Allah bisa ƙarya, kin hana ni ba da ita. Na san abin da kika rasa a kan haka. Allah shi yi maki albarka, ɗiyata."

"Amin, Baba," ta ce, muryarta na karyewa. "Amin... amma wallahi ina son shi."

"Na sani," in ji tsohon, bai ɗauke hannunsa ba. "Yi kukanki nan, kada Innarki ta gani."