Dambun da Hajiya Raki ta zubar

"Ni ban ce ba ta da tarbiyya ba, hannunta nake tsoro," in ji Hajiya Raki, tana juye robar dambun nama a cikin kwandon shara.

Ɗanta Bara'u ya ce, "Mama, kwana biyu ta yi tana daka shi saboda ke."

Ita kuwa mai dambun, Zinatu, tana bakin falo da takalmi ɗaya a hannu, duk a kunnenta. Takanas ta taso daga Manchester zuwa unguwar Sparkhill gaida surukar gobe.

A jirgin ƙasa suka haɗu da Bara'u bara. Ya ɗaga mata jaka, ya tambayi aikinta. Ta ce a lab take, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, tana shimfiɗa americium, wani ƙarfe mai fitar da radiation, tururin da ke yi wa jiki illa, a kan ɗan faifai, siriri fiye da ɓawon albasa, masana su harbe shi da injinsu su ga cikin ƙwayar zarra. Bai gane komai ba, bawan Allah. Idonta yake kallo.

To, matan unguwa ba sa rasa abin kaiwa. Su suka tsegunta wa Hajiya wai mai irin wannan aikin ba ta haihuwa.

Zinatu ta shigo ta durƙusa. "Mama, ba na taɓa shi. A akwatin gilashi yake, ta safar roba nake aiki. Kullum sai na'ura ta auna hannuna kafin in fita."

"In babu komai, me ya sa ake auna ki? Ki bar aikin, gobe in kai lefe."

Shekara shida ta yi tana koyon aikin nan. Ta sa takalminta ta tafi, hawaye har tashar jirgi ta New Street.

Saƙon Bara'u ya same ta a jirgi: "Zinariyata, ba zan taɓa cewa ki bari ba. Ki jira ni please."

Ta rubuta: "Ba na so in raba ka da Mama. Ni na rasa tawa, na san zafinsa."

Wata uku yaro yana ramewa. Sai mahaifinsa, Alhaji Salihu, ya nemi izini ya je lab ɗin da kansa, ya tsaya bayan gilashi yana kallonta tana aiki, numfashi ma a hankali take yi. Da zai fita har shi aka auna.

Ranar Lahadi ya tara su a falo, da ita da kawunta na Aston. Alhaji ya ce, "Na gani da idona. Bayan Sallah za a ɗaura. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Kowa ya ce amin. Bara'u har da share ido. Zinatu dai kanta a ƙasa, amin ɗin mutum ɗaya take jira.

Hajiya Raki ta miƙe ta gyara mayafi.

"Ku sha bikinku. Ranar ina da ganin GP, likitana."

Alhaji ya ce, "Ai ba a sa ranar ba tukuna, Raki."

"Ko wace rana ce."

Ta fita, ta buga ƙofa.