Yarinyar da Ta Tone Jemar Babanta

A shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, akwai wata yarinya a wani ƙauye kusa da Kende, a ƙasar Bagudo. Tana aji uku a makarantar elementare. Tana da ƙoƙari ƙwarai, sai dai tana son yabo.

Sana'ar innarta turara shinkafa. Kullum a gidansu ana jiƙa shinkafa, ana wanki, ana wanke-wanke. Ruwan dattin yana bi ta rariya ya kwanta a bakin hanya. Ga wari, ga sauro. Maƙwabciyarsu, Gwaggo Asibi, ta sha yin magana a kai.

Baban yarinyar sunansa Wakili. Manomi ne, kuma yakan kai shinkafa kasuwa a tsallaken iyaka, ƙasar Dahome. Ya daɗe da lura cewa ruwa mai dauɗa idan ya ratsa ciyawar fadama, yakan fito garau. Sai ya ce bari ya yi tasa 'yar fadamar.

Ya haƙa dogon rami marar zurfi a gindin katanga. Ya daɓe shi da yumɓu, ya zuba tsakuwa da yashi. Sannan ya dasa jema, wata doguwar ciyawa mai yawan saiwa. Ruwan rariya ya riƙa shiga ta wannan gefe, yana tsiyaya a hankali, ya fita ta wancan gefe cikin wani ɗan tafki.

Da jemar ta kama, wari ya ɗauke. Ruwan tafkin ya yi haske. Wakili ya saki 'yan tarwaɗa a ciki. Gwaggo Asibi kuma ta samu na ban ruwan albasarta.

"Baba, ana shan wanga ruwa?" in ji yarinyar.

"A'a, ɗiyata. Na shuka ne da kifi. Saiwar jema da yashi su ke tace shi. Kada ki taɓa su."

Ana nan, bikin 'yancin kai ya matso. Malam Bunyaminu, malamin ajinsu, ya ce za a yi baƙi da yawa a makaranta. "Za mu cika randuna da ruwan sha," in ji shi. "Ku je fadamar bakin kogi ku tono saiwar jema, mu saka a ciki don ƙamshi."

Yarinyar ta so ta fi kowa kawowa. Amma fadamar da nisa, ga rana. Babanta kuma ya tafi Dahome. Ta tsaya ta dubi jemar gindin katanga, kore shar.

"Jema ai jema ce," ta ce a ranta.

Da la'asar, Inna tana can tana juya shinkafa a tukunya. Yarinyar ta ɗauki fartanya ta hau tono. Ta tumɓuke wannan, ta tumɓuke wancan. Garin tono har ta fasa bakin ramin, ba ta kula ba. Ta cika kwando taf da saiwa, ta ɓoye a zaure.

Da safe ta kai makaranta tana taƙama. Na sauran yara ɗan dami-dami ne, nata kuwa kwando guda. Malam Bunyaminu ya ɗauki saiwa ɗaya ya sansana. Sai ya yamutsa fuska.

"Ina kika samo wannan?"

Ta sunkuyar da kai. "A gidanmu, Malam."

"A ramin da babanki ya yi wa ruwan rariya?"

"I, Malam."

"Subhanallahi! Wannan saiwa datti ta sha ta ƙoshi. Da ta shiga randa, da baƙinmu da ku duka kun kwana da ciwon ciki." Ya sa aka kai kwandon bayan makaranta aka binne saiwar.

Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da ta koma gida, tun daga nesa ta jiyo wari. Ruwan jiƙon shinkafa ya bi ta inda ta fasa, ya zarce tafki kai tsaye. Tafkin ya yi baƙi, kumfa ta rufe shi. Wasu 'yan tarwaɗa sun juya ciki sama. Gwaggo Asibi tana tsaye da tulu a hannu, ta rasa abin da za ta zuba wa albasarta.

Ga Baba ya dawo, ko kayansa bai sauke ba. Ya tsaya yana duban ramin.

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta durƙusa a gabansa. "Baba, ni ce. Ni na tone."

"Mi ya sa, ɗiyata?"

"Ina son Malam ya ce na fi kowa. Kuma na ji ƙyuyar zuwa fadama."

Wakili ya nisa. "Na hana ki, kin ji, kika ƙi. Dubi kifin nan. Dubi Gwaggonki. Mi suka yi miki?"

Ta juya wurin tsohuwar. "Gwaggo, ki yafe mini."

"Tashi, tashi," in ji Gwaggo Asibi. "Kuka ba ya dasa jema. Gobe da sassafe ki zo ki raka ni fadama."

Haka kuwa aka yi. Suka tafi tare, suka ɗebo 'ya'yan jema masu ƙarfi. Baba ya toshe inda ya fashe da yumɓu. Ya kwashe ruwan tafkin, ya tsame kifin da suka rage ya sa a cikin kwatarniya. Yarinyar ta dasa jemar da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, har bayanta ya ƙage.

"Sai ta yi saiwa kafin ta fara aiki," in ji Baba. "Kafin nan, ke za ki yi aikinta."

Saboda haka kullum ta taso daga makaranta, sai ta ɗauki tulu. Ta kwashi ruwan wanke-wanke ta kai wani rami can bayan gari. Ta dawo, ta sake komawa. Wuyanta ya yi ciwo.

Wata rana ta sauke tulun tana haki. "Inna, ashe duk wanga aiki jema ke yi mana?"

Inna ta yi dariya. "Dare da rana, kuma ba ta taɓa cewa ta gaji ba."

Ranar biki yarinyar ta tafi makaranta hannu wofi, tana jin kunya. Sai ƙawarta Lami ta raba saiwarta biyu, ta miƙa mata rabi. "Zo mu saka tare," in ji ta. Suka wanke, suka jefa a randa. Aka ɗaga sabuwar tuta, aka yi waƙa, baƙi suka sha ruwa suna sa albarka.

Bayan 'yan makonni jemar ta kama. Ruwa ya koma fita garau, aka mayar da kifi tafki. Malam Bunyaminu ya kawo 'yan ajin su gani, don a yi irinsa a makaranta. Ya ce yarinyar ta yi musu bayani.

Ta nuna musu yashi, ta nuna musu saiwa. Sannan ta ce, "Na gode wa Baba da ya yi haƙuri da ni. Na gode wa Gwaggo da Lami. Na gode wa Malam da ya tsare mu daga ciwo."

"Madalla," in ji Malam. "To, me kika koya?"

Ta ce, "Idan babba ya hana ka abu, akwai dalili. Kuma abin da ke yi maka aiki shiru, ka gode wa Allah da ya ba ka shi, ka kula da shi."

Yara suka tafa mata. Gwaggo Asibi ta leƙo ta kan katanga, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."